Na iya aikin, amma takardata ba ta ci min kwangila

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya. Ina da shago da yara bakwai, uku sun ƙware, sauran suna koyo. Bencin makaranta da tebur da ƙofofi muke yi, kuma Alhamdu lillahi duk wanda muka yi wa aiki yana dawowa. Damuwata ita ce babban aiki ya ƙi zuwa hannuna. Wata hukumar gwamnati ta buga tallar kwangilar bencina a jarida, na biya wani mai shagon kwamfuta ya rubuta min takarda mai kauri, na kai, ko kira ba a yi min ba. Daga baya wanda ya ci kwangilar ya zo har shagona ya ba ni wani ɓangare na aikin a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Na kuma nemi tallafin wata gidauniya ta intanet don in sayi injin fere katako, nan ma shiru.

Ga yadda takardar tawa ta fara in an mayar da ita Hausa: "Kamfaninmu shi ne kan gaba wajen inganci da gaskiya da riƙon amana a duk faɗin Arewa. Muna roƙon a dubi halin rashin aikin yi da matasanmu ke ciki a taimaka mana."

Yayana, wanda shi ya ba ni jarin farko, ya ce in daina ɓarnar kuɗi, wai mai uwa a gindin murhu ne kaɗai ke cin kwangila. Yanzu kuma wani ya ce in ba shi wani abu zai sa sunana a jerin waɗanda za a ba tallafi. Malam, na rasa inda zan sa kaina. In haƙura ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Ɗan'uwanku daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaran da kake koyarwa.

Bari in fara da mutumin da ya ce ka ba shi wani abu, don maganarsa ce ke da gaggawa. Kada ka ba shi ko sisi, kada kuma ka ba shi lambar BVN ɗinka ko ta NIN. Gidauniyar gaskiya ba ta sayar da gurbi, kuma ba ta cewa ka biya kafin ta ba ka. In ya matsa, ka ce ya faɗi sunan gidauniyar, kai da kanka ka je shafinta ka karanta sharuɗɗanta. Yawancinsu daga nan suke ɓacewa.

Sai maganar Yaya. Ba zan ce ƙarya ya faɗa ba, domin babu wanda bai san cewa akan raba wasu kwangiloli tun kafin a buga tallarsu ba. Shi ma tausayin kuɗinka da wahalarka ne ya sa shi magana. Amma ka duba abin da ka rubuto min da hannunka: wanda ya ci kwangilar shagonka ya nufo. Ke nan bencinka ya riga ya shiga ajin makarantar gwamnati, yara na zaune a kai, sunanka ne kawai bai hau takardar ba. Ko a ce mutumin yana da uban gida, dole sai da ya cika fayil ɗinsa, saboda masu binciken kuɗi za su zo bayan an gama aiki, kuma babu ma'aikacin da ke son a same shi da fayil mara takardu. Samun uban gida ba a hannunka yake ba. Cika fayil da rubuta tayin da ya amsa abin da aka tambaya kuwa a hannunka suke, kuma daga abin da ka turo, nan ne aka bar ka a baya.

Na karanta jimlolin nan biyu da takardarka ta buɗe da su, kuma raina ya sosu, domin sun ɓoye gwanin kafinta a bayan maganar da kowa ke yi. Ta farko yabon kai ce ba tare da shaida ba. Ta biyu roƙo ce. Ka kwatanta mutumin da zai karanta: ma'aikaci ne a kwamitin tantancewa, ga tarin fayiloli a gabansa, ga takardar ba da maki a gefe. Shi ma da tasa damuwar. Yara na zaune a ƙasa a makarantu, bencin da aka kawo a baya wataƙila ya karye kafin a gama zangon karatu, hutu ya kusa ƙarewa, kuma in aikin ya lalace shi za a tuhuma. A takardar makinsa babu gurbin tausayi, babu gurbin "kan gaba a faɗin Arewa". Abin da yake nema shi ne: wannan mutumin zai kawo abin da muka ce, a lokacin da muka ce, kuma da me zan kare kaina in an tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓe shi?

Da kai ne ka zauna ka faɗi abin da ka sani, da takardar ta fara da wani abu kamar haka: "Za mu kawo benci 200 masu cin ɗalibi biyu, ƙafar ƙarfe, saman busasshen katako da aka yi wa maganin gara, cikin mako 6 daga ranar sa hannu. Duk wanda ya samu matsala a cikin shekara guda za mu je makarantar mu gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mun yi irin wannan aiki ga makarantu kaza da kaza, ga hotuna, ga wasiƙun shugabanninsu da lambobin wayarsu." Alƙaluman nan misali ne kawai na ba ka, kai za ka sa naka, kuma kada ka rubuta abin da ba za ka iya cikawa ba. Amma ka ga kowace jimla a nan abu ce da za a iya aunawa ko a buga waya a tabbatar. Busasshen katako da maganin gara ma kaɗai sun isa su nuna wa mai karatu cewa mai sana'ar ne ke magana, wanda ya san dalilin da ke sa benci ya tsage ko ya ruɓe. Mai shagon kwamfuta ba zai taɓa sanin wannan ba sai ka faɗa masa.

Sai dai kafin a kai ga karanta wannan bayanin akwai ƙofar da ake fara wucewa, kuma ina kyautata zaton a nan aka ajiye fayil ɗinka. Kwangilolin gwamnatin tarayya suna ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda hukumar BPP ke sa ido a kanta, jihohi kuma suna da nasu dokokin da hukumomin, kamar KADPPA a jiharku ta Kaduna. A tsarin da aka saba, ambulan biyu ake kaiwa: ɗaya na takardun cancanta da bayanin aiki, ɗaya na farashi. Ana fara buɗe na farko. In ka faɗi a nan, na farashinka ba a ma buɗe shi, komai arharsa. Tallar kwangilar tarayya takan nemi shaidar rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka wuce, takardun PENCOM (hukumar fansho) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP, takardar rantsuwa daga kotu, wasiƙar banki, da shaidar irin wannan aiki da ka taɓa yi. Wasu daga cikin waɗannan sun danganta da yawan ma'aikatanka ko girman cinikinka, ita tallar ce za ta fayyace. Rashin guda ɗaya ya isa a fitar da kai. Haka nan in aka ce a rubuta lambar rukunin aikin a bayan ambulan ba ka rubuta ba, ko aka ce ƙarfe 12 na rana ka iso 12 da minti biyar. Doka ce ta ce a mayar da tayin da ya makara ba tare da an buɗe shi ba.

Don haka duk tallar da ka gani, ka yanke ta ka manna a bangon shago. Ka ɗauki biro ka bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ka jera takardunka daidai yadda suka jero su, na ɗaya a gaba, na biyu na bin sa, da ɗan shafi a farko mai nuna inda kowanne yake. Wanda ya gaji da karatu in ya buɗe fayil ya tarar da komai a inda yake tsammani, ya riga ya fara ganin mai fayil ɗin a matsayin mutum mai tsari. In ka ga sharaɗin da ba ka cika ba, kamar yawan cinikin shekara da ya fi ƙarfinka, to wannan kwangilar ba taka ba ce tukuna, ka adana kuɗinka.

Akwai haƙƙoƙi biyu da mutane da yawa ba su san suna da su ba. Buɗe tayi a bainar jama'a ake yi, kana da damar ka je ko ka tura wakili, ka zauna ka ji farashin kowa da kunnenka. Ko ba ka ci ba, ka koyi abin da ba za a koya maka a ko'ina ba. Na biyu, dokar tarayyar ta ce wanda bai yi nasara ba in ya nema a yi masa bayanin dalili. Ka rubuta gajeruwar wasiƙa cikin ladabi, ba ta ƙorafi ba, ka ce kana son sanin inda ka gaza don ka gyara a gaba.

Maganar farashi kuwa, a nan masu sana'ar hannu suka fi cutar da kansu. Gaskiya ne a kwangilar kaya mafi ƙarancin farashi ake ba, amma a cikin waɗanda suka cika duk sharuɗɗa. Wannan kan sa mutum ya karya farashi har ya shiga cikin jarinsa. Ka zauna da littafi ka ƙididdige katako, ƙarfe, ƙusa, walda, fenti, ladan yara, man janareta, kuɗin motar da za ta kai kaya makarantar da ke can cikin ƙauye da damina. Ka sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ka tuna akwai harajin da ake zarewa kafin kuɗin ya iso hannunka. Ka tuna tayinka zai iya yin watanni kafin a yanke hukunci, kuma katako ba zai jira ka a farashin yau ba. Ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe aikin in ba a ba da kuɗin kafin alƙalami ba, ko in biya ya yi jinkiri. Sannan ka duba lissafin sau biyu, jimillar da ke cikin lambobi ta yi daidai da wadda ka rubuta da kalmomi. Kwangilar da ka ci da farashin asara ta fi wadda ka rasa ciwo, domin ita har sunanka take ɓatawa in ka kasa kammalawa.

Shaidar aikin baya ita ce dukiyar da kake da ita ba ka tattara ba. Mutumin da ya ba ka ɓangaren aikinsa, ka je ka same shi cikin mutunci ka nemi ya rubuta maka wasiƙa cewa shagonka ne ya yi benci kaza a wata kaza. Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu da ka yi wa aiki, kowacce ka karɓi irin wannan wasiƙa da hatiminta, ka ɗauki hoton kayan a cikin aji ba a ƙofar shago ba. Daga yau duk aikin da ya shigo, komai ƙanƙantarsa, a yi shi da rubutacciyar yarjejeniya da rasit, kuɗin kuma ya bi ta asusun banki mai sunan sana'ar, ba asusunka na kashin kai ba. Ni a ganina ma irin waɗannan makarantun ya kamata ka fi kai wa takarda a bana. Zariya gari ne na makarantu. Shafi biyu sun isa: abin da ka lura suna buƙata, abin da za ka kawo, farashi, lokaci, alƙawarin gyara. Ka ɗora benci guda a kan a-kori-kura ka kai wa mai makarantar ya zauna a kai, ya girgiza shi. A wurin irinsu babu kwamiti, shi ne mai yanke hukunci, kuma kowane aiki da ka yi musu ƙarin shafi ne a fayil ɗin da za ka kai wa gwamnati gobe.

Tallafi kuma wani fage ne daban, kuskure ne a kai masa takardar kwangila da aka sauya wa suna. Mai ba da kwangila kaya yake so. Mai ba da tallafi so yake ya ga abin da kuɗinsa zai canza, domin shi ma akwai waɗanda zai yi wa bayani. Abu na farko shi ne ka tabbatar kai ake nema. Shirin Gidauniyar Tony Elumelu, wanda ya fara a 2015 da alƙawarin dala miliyan 100 cikin shekaru goma, yana ba da horo da jarin dala 5,000 da ba a mayarwa, ana buɗe shi a farkon watan Janairu, kuma kyauta ake cike fom ɗinsa. Amma na masu sabuwar sana'a ne ko wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, don haka sai ka duba ko shekarun shagonka sun dace. Ka kuma san girman gasar: a 2019 mutum kusan 216,000 suka nema daga ƙasashen Afirka, aka ɗauki 3,050. Wanda bai samu ba a irin wannan taro bai kamata ya ɗauka an raina sana'arsa ba. Wasu tallafin kuma ba na 'yan kasuwa ba ne sam. Ofishin jakadancin Japan, alal misali, yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, amma ƙungiyoyi da makarantu da asibitoci yake ba, ba kamfani mai neman riba ba. Ƙofarka a irin wannan ita ce ƙungiya ko makarantar da ta samu kuɗin, domin za ta buƙaci benci, kuma masu ba da tallafi sukan nemi a kawo musu farashi daga masu sana'a daban-daban kafin a saya. Ka zama kana cikin waɗanda ake tambaya. Tun da aka rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025, kuɗin agaji daga waje ya ragu kuma masu nema sun yi yawa a kan abin da ya saura, saboda haka kada ka jingina makomar shagonka a kan tallafi. Injin da zai iya biyan kuɗin kansa ana iya neman sa ta hanyar rance ko biya kaɗan-kaɗan, in sharuɗɗan sun kwanta maka a rai.

In za ka sake rubuta neman injin, ka bar maganar matasan Najeriya gaba ɗaya, ka yi maganar yaranka bakwai. Ka faɗi yadda abin yake yanzu: inda kake kai katako a fere maka, nawa kake biya a wata, kwana nawa layi ke cinye maka, benci nawa kuke fitarwa a mako. Sannan ka faɗi yadda zai zama in injin ya zo: benci nawa, wa zai saya, yara nawa za ka ƙara ɗauka, sauran kafintocin unguwa nawa za su riƙa kawo nasu katakon su biya ka. Ka haɗa da takardar farashin injin daga wurin mai sayarwa. Ka amsa tambayar da mai karatu zai yi a zuci tun kafin ya yi ta: da wace wuta za a tayar da injin, wa zai gyara shi in ya lalace, me zai riƙe shi bayan kuɗin tallafin ya ƙare? Ka kuma nuna abin da kai za ka sa daga aljihunka, ko da wurin ajiye injin ne da kuɗin jawo wuta. Kowane kobo da ke cikin kasafin ya zama yana da bayaninsa a cikin rubutun, kowane abu da ka ambata a rubutun kuma ya bayyana a kasafin. Masu tantancewa da yawa kasafin suke fara dubawa, domin a nan ake gane wanda ya san sana'arsa. Duk waɗannan alƙaluman daga littafin ciniki suke fitowa. In ba ka da shi, ka sayi littafi yau ka ɗora wa ɗaya daga cikin manyan yaranka alhakin rubutawa kullum.

Na san abin da ya kai ka shagon kwamfuta Turanci ne, kuma babu abin kunya a neman taimako. Matsalar ita ce ka ba da kuɗi ka tafi, shi kuma ya buɗe tsohuwar takardar wani ya sauya suna. Yanzu ma har da ChatGPT ake yi, shi ya sa masu tantancewa ke cin karo da takardu masu kama da juna kamar an buga su da hatimi ɗaya. Ka fara rubuta amsoshinka da Hausa, yadda za ka yi wa mai saye bayani a shago. Ka samu wanda ya iya Turanci, ku zauna tare, ya fassara jimla bayan jimla, ya karanta maka ya mayar maka da Hausa. Duk abin da ya ƙara wanda ba ka faɗa ba, ko ba za ka iya kare shi ba in aka kira ka ganawa, a goge. In fom ya ce kalma 200, kada a wuce. Turanci mai sauƙi da alƙaluman gaskiya ya wadatar.

Shi kuma Yaya, kada ka yi jayayya da shi. Ka yi masa alƙawarin ba za ka ƙara biyan kowa kuɗin rubutu a makance ba, ka nuna masa littafin ciniki da wasiƙun makarantu yayin da suke taruwa. Mutumin da ya ba ka jarin farko ya cancanci ya ga inda kuɗi ke tafiya, kuma za ka buƙaci goyon bayansa ranar da babban aiki ya zo yana neman jari kafin biya.

Abu ɗaya da ya rage shi ne lokaci. Yawancin takardun cancantar nan, na haraji da PENCOM da ITF da NSITF, a ƙarshen Disamba suke ƙarewa, kuma sabunta su yakan ɗauki makonni, alhali tallar kwangila 'yan makonni kawai take bayarwa. Ka fara bibiyar su tun farkon shekara. Ka duba kuma wace irin rajista ka yi da CAC: in ta sunan kasuwanci ce, shaidar harajinka daga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha za ta fito, in kuwa kamfani ne mai cin gashin kansa, wato Limited, daga ta tarayya. Ko da ƙanƙantar cinikinka ta sa ba a bin ka harajin riba, sai ka shigar da bayananka na shekara kafin a ba ka takardar. Ka ajiye asalin kowacce a gida cikin leda, kwafi a shago, hotonta kuma a waya.

Allah ya buɗa, ya sa a dace.